Faifan Ban Kwanan Dattawan Kwamba

Na auri makaɗi ban sani ba. Lokacin da ya zo neman aurena a Zariya, direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, mai farar riga da hula, mai durƙusa wa babana har ƙasa, ba ya ko ɗaga ido. Sai da na tare, wata rana ina sharar ƙarƙashin gado, tsintsiya ta jawo mini wani hoto. Samari huɗu ne a ciki, kowanne da tulin gashi kamar an kifa masa kwando, ƙafar wandonsu ta isa ta share titi, takalman kuwa dunduniyarsu kamar turmi. Ɗaya daga cikin na tsakiyar ya buɗe ƙirji har cibiya, yana riƙe da sanduna biyu. Na daɗe ina kallonsa kafin na yarda cewa wannan ne mutumin da babana ya ce ya yaba da natsuwarsa.

Da ya dawo aiki na ajiye masa hoton kusa da kwanon tuwo.

"Maigida, wane bawan Allah ne wannan?"

Ya dube shi, ya wanke hannu, ya ce, "Ƙuruciya ce, Malama. Miƙo mini miya."

A hankali na tattara labarin. Su huɗu sun yi ƙungiyar kiɗa tun suna samari, suna wasa a otal-otal na Kaduna da Jos. Kiɗan nan ne na baƙaƙen Amurka da ake kira fanki da sol, mai jita da ƙaho da gangunan bature, su kuma suna ɗora masa waƙa rabi Hausa rabi Turanci. Maigidana ne mai gangunan. Sun yi faifai biyu na garmaho, daga nan suka watse. Dalilin watsewar ya danganta da wanda ka tambaya, amma duk wanda ka tambaya ba shi ne mai laifi ba.

Da ma'aikatarsu ta koma Abuja muka biyo ta, sai dai Abuja ba ta san da zaman direbobi ba wajen hayar gida, saboda haka muka sauka a Suleja, unguwar Kwamba. Na koyar a firamare har na yi ritaya, shi ma ya yi ta jigilar manya har ya yi tasa. Gangunan suna ɗakin ajiya tare da buhunan masara. Akwai shekarar da wata kaza ta yi ƙwai a cikin babbar, ta ƙyanƙyashe lafiya, kuma a ganina ba su taɓa amfanar gidan kamar wannan shekarar ba.

Abuja ta jawo kowa, har da sauran ukun. Mawaƙinsu, mutumin kudancin Kaduna, ya zama hedimasta, ya yi ritaya, ya zauna a unguwar Chaza a nan Suleja, dattijo ne a cocinsu. Mai busa ƙahon, mutumin Filato, ya buɗe shagon ɗinki kusa da babbar kasuwa, kowa Tela yake ce masa. Mai jitar shi ne Allah ya buɗa wa: yana sayar da tayil da kayan banɗaki a bakin hanyar Abuja, ya je Makka, ya yi tumbi, ya zama Alhaji. Sukan haɗu a wajen suna ko jana'iza, su tafa, su yi dariyar abubuwan da ba sa ƙarasa faɗa in mata suna kusa. Da a nan abin ya tsaya da duk mun tsufa cikin mutunci.

Babbar 'yarmu ce ta jawo mana. Tana aiki a Abuja, ta zo hutun ƙarshen mako tana ta haki, ta miƙa wa ubanta waya.

"Baba, dubi! Ba ku ba ne wannan?"

Wasu turawa ne a wata ƙasa mai sanyi, cike da ɗaki, suna tsalle kamar an zuba musu tururuwa a riga, kuma abin da ke tashi faifan su maigida ne na farko. Wani bature mai tara tsofaffin fayafayai ya tsince shi, ya sa a intanet. Maigida ya sa tabarau, ya kalla, ya ce a maimaita, ya sake kalla. Ya ce rawar tasu ba ta kan kiɗa. Sannan ya tashi ya shiga ɗakin ajiya, na ji ana jan buhunan masara.

Kafin sati ya zagayo dattawan huɗu suna zaune a ƙarƙashin mangwaron tsakar gidana, suna shan zoɓon da ni na dafa, suna yanke shawarar abin da duniya ke jira. Alhaji ne ya faɗe shi da bakinsa.

"Duniya na jiranmu. Faifai ɗaya, na ban kwana. Mu rufe da hannunmu."

Na leƙa waje ko zan ga duniyar. Mai gyaran Keke Napep ne kawai a ƙofar gida, yana cin rake.

Aka sa Asabar bayan la'asar ta zama ranar gwaji. Makonnin farko ba na fatan maƙiyina ya ji su. Tela ya daɗe da rabuwa da haƙoransa na gaba, na roba yake sawa, in ya busa da ƙarfi sai su yi gaba su bar shi. Alhaji ya rataya jita, tumbi ya tura ta can nesa, sai ya miƙa hannu kamar mai ɗebo abu a saman kwaba. Hedimasta ya manta baitocin da shi ya tsara, yana cike gurbin da gyaran murya. Maigida kuwa ya buga minti kaɗan ya ce kafaɗarsa, na kawo man zafi. Awakin maƙwabta suka daina shigowa gidan, abin da na yi shekaru ina nema da sanda ban samu ba.

Amma ba zan yi musu ƙarya ba. Wata Asabar cikin damina, an ɗauke ruwa ke nan, ƙasa na ƙamshi, ina bakin murhu ina tsince shinkafa, sai na ji abin ya canja. Maigida ya fara wani bugu a hankali, mai ɗan jinkiri, kamar mai tafiya yana jan ƙafa da gangan. Jitar Alhaji ta shigo tana yanka gajere-gajere. Tela ya cire haƙoran gaba ɗaya ya sa a aljihu, ya busa wani abu da ya sa tsigar jikina ta tashi. Sai Hedimasta ya rufe ido ya buɗe baki, muryar nan da ta gaji da tsawata wa ɗalibai ta fito a dushe, mai kauri, mai daɗi. Waƙar wata yarinya ce mai sayar da lemo a tashar jirgin ƙasa, wadda saurayi ke sayen lemonta kullum har jirgi ya tafi ya bar shi. Maigida ya sha gaya mini wai da ni aka yi waƙar. Ban taɓa sayar da lemo ba, kuma lokacin da aka yi ta bai san an haife ni ba.

Ban san sanda na ajiye tiren shinkafar ba. Na dai ga kafaɗata tana motsi ba da izinina ba. Maƙwabciyarmu, wata 'yar Binuwai mai sayar da doya, ta shigo da goyo a bayanta tana juyi. Masu Keke suka faka suka cika ƙofa. Wani malamin Islamiyya da ya zo wucewa ya tsaya a bakin zaure yana girgiza kai alamar Allah wadai, amma na lura girgizar tana kan kiɗa. Na dubi maigida. Hularsa ta faɗi, bakinsa a buɗe, gumi har wuya, sai na ga mutumin cikin hoton nan, karo na farko a zamanmu. Na ji haushi ƙwarai da na gane cewa da na san shi a lokacin, da shi ɗin zan bi.

Daga ranar kowace Asabar gidanmu cika yake. Mutane suka fara ɗaga waya za su ɗauka, Alhaji ya hana. Ya sa wani ma'aikacin shagonsa a ƙofa yana bin kowa da ido.

"Kar a sace mana fasaha kafin ta fito kasuwa," in ji shi.

Da wannan hikima ta Alhaji aka tabbatar babu wanda ya adana ko minti ɗaya na mafi kyawun kiɗan da suka yi a tsufansu.

Sai aka zo maganar baitoci. Hedimasta ne ya fara. Ya ce shi yanzu dattijon coci ne, ba zai tsaya gaban jama'a yana yabon idon 'yar mutane ba, matan zumunta za su ji. Alhaji ya ce ai shi ma bakinsa ke nan, mutumin da ya taɓa ɗakin Allah ba ya kaɗa jita a kan zancen rawar daren Asabar, balle ana raɗe-raɗin za a ba shi sarauta a unguwarsu. Suka zauna gyara kamar kwamitin tsarin mulki. Yarinya mai lemo ta zama uwa ta gari mai tarbiyyar 'ya'ya. Saurayin da jirgi ya bari ya zama matashi mai zuwa aiki a kan lokaci. Waƙar rawar Asabar ta koma kira ga zaman lafiya tsakanin addinai. Aka ƙaro wata a kan tsaftar muhalli, da wata a kan bin dokar hanya.

Tela ya ce, "To ni me zan busa a kan kwalbati?"

"Abin da kake busawa da," in ji Alhaji. "Ƙaho ba ya magana."

Maigida bai damu ba. Ya ce shi ganga ba ruwanta da baiti, a yi waƙar haraji ma in an ga dama, muddin an bar masa bugunsa.

Wurin ɗaukar sauti ma Alhaji ne ya samo, tunda shi ke ɗaukar nauyi. Mijin 'yarsa yana da situdiyo a Kubwa, mutum ne ya kai shekara arba'in, yana kiran kansa Injiniya. Aikinsa tallan magani da waƙoƙin 'yan siyasa lokacin zaɓe. Ɗaki ɗaya ne aka manna wa katifu a bango, da kwamfuta, da fiyano irin na lantarki. Ranar da aka je ɗaukar sautin ganguna, a-kori-kura aka ɗauko, maigida ya zauna a baya yana rungume da babbar gangar kamar mai kai mara lafiya asibiti. Ya dawo da yamma hannuwa duk kanta, yana tafiya da ƙyar, fuskarsa kamar ango.

"Yaya aka yi?" na tambaye shi.

"An yi. Sai dai mutumin nan ya toshe mini kunnuwa da wani abu, yana ta ƙyas-ƙyas kamar agogo, wai in bi shi. Na ce ni agogo zai bi. Ya ce ina jan baya. Na ce jan bayan nan shi turawa ke wa tsalle."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce ba komai, Baba, kwamfuta za ta gyara."

Aka shiga jira. Damina ta wuce, aka yi girbi, aka yi Kirsimeti, aka yi azumi. Duk sanda aka tambaya sai Alhaji ya ce ana haɗawa. Na haifi 'ya'ya biyar, babu wanda haɗa shi ya ɗauki wannan lokacin. A ƙarshe katan-katan suka iso, faifan sidi ne, a zamanin da in kana neman na'urar sa sidi a Suleja sai ka je wurin masu gwangwan. A bangon akwai hoton su huɗu cikin fararen kaya, sun harɗe hannuwa, sun ɗaure fuska, kamar shugabannin ƙungiyar 'yan fansho sun je kai kuka. Alhaji ya ce ba wanda zai saurara, har su mawaƙan, sai ranar ƙaddamarwa, don kowa ya sha mamaki tare. Wannan alkawarin dai ya cika shi.

A zauren wani otal aka yi, ranar Asabar da rana. Na ɗaura sabuwar atamfa. Rabin Kwamba sun zo, duk waɗanda suka saba cika mana tsakar gida. 'Yar Binuwai ta bar goyonta a gida, ta sha ɗamara, ta zauna a kujerar gaba don kar a tare mata fili. Aka yi addu'ar Musulmi, aka yi ta Kirista. Shugaban taro ya yi jawabi a kan muhimmancin al'ada, ya kira kiɗan nasu kiɗan gargajiya har sau da yawa. Uban taro ya yi nasa. Wani mai neman kansila ya yi nasa, bai ambaci faifan ba sam. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta. Sannan Injiniya ya fito da baƙin tabarau a cikin ɗaki, ya danna na'ura.

Abin da ya fara fitowa muryarsa ce, yana kiran sunan situdiyonsa da amsa-kuwwa, yana gaida Alhaji mai tayil. Sai kiɗa ya biyo. Kun san ƙarar da waya ke yi in an ce ka dakata za a haɗa ka da wani? To ita ce, an ƙara mata ƙarfi. Wani tis-tis-tis ne mai sanyi, daidai wa daida, ba ya gaba ba ya baya, ba ya numfashi. Muryar Hedimasta an bi ta da na'ura an goge dushewar tas, ta koma siririya tana rawa, kamar ɗan akuya ya faɗa cikin garwa. Ƙahon Tela sai ka kasa kunne za ka ji shi can ƙasa, fiyanon Injiniya ya hau kansa ya zauna. Jitar surukin Injiniya kuwa, wato Alhaji, ko kurma ya ji ta. Ta fi kowa ƙara, har da wuraren da ya yi kuskure.

'Yar Binuwai ta miƙe a waƙar farko, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta jira inda za ta sauke ta, ba ta samu ba. Ta koma ta zauna ta kwance ɗamarar. A waƙar tsaftar muhalli mutane suka fara duba waya. A ta dokar hanya aka fara raba dafa-duka, kuma ita ce ta samu tafi. Wata tsohuwa a bayana, yayar Tela, ta taɓo ni.

"'Yata, yaushe za su fara kiɗan?"

"Mama, ai an kusa gamawa."

"Ayya," ta ce, ta ci gaba da cin namanta.

Ni maigida nake kallo. Yana kan babban teburi tsakanin Hedimasta da Tela, ya karkatar da kai, ya juya kunnensa na dama wajen lasifika, don na hagun ya daɗe da yin rauni. Yatsansa ya ɗaga zai buga teburi, sai ya tsaya. Ya sake ɗagawa, ya sake tsayawa. Murmushi na fuskarsa irin na hoton fasfo. Hedimasta yana karanta takardar jikin robar ruwa kamar jarabawa za a yi masa a kai. Tela ya sunkuyar da kai. Da aka gama jama'a suka yi layi suna cewa Allah ya ƙara basira, wanda a garinmu shi ake gaya wa mutum in ba a sami abin faɗa ba.

Na shirya maganganuna tun a Keke. Ina da su da yawa, masu kyau, na tara tun ranar man zafi. Amma da muka isa gida ya wuce ɗaki kai tsaye ya rufe ƙofa, sai na haɗiye su.

Kwanakin da suka biyo ya zama wani iri. Ya daina kunna rediyo da safe. In na yi magana sai ya ce in maimaita, alhali na san ya ji. Na leƙo ta taga na gan shi a gindin mangwaro yana kaɗa yatsu kusa da kunnen dama, sannan na hagu, sannan ya koma na dama. Wata rana na same shi a kicin, wurin da bai san hanyarsa ba, yana ƙwanƙwasa murfin tukunya da cokali yana saurare. Ana cikin haka na haɗu da matar Tela a kasuwa wajen masu kifi, ta ja ni gefe ta gaya mini abin da kunnena ya riga ya gaya mini tun a otal. Injiniya ya goge gangunan gaba ɗaya ya sa na kwamfuta. Alhaji ya sani. Hedimasta da Tela sun ji daga baya, an rasa mai ƙarfin halin faɗa.

Ina ta juya yadda zan fara, sai shi ya riga ni. Da safe ne, na kawo masa koko da ƙosai, ya tura kofin gefe.

"Malama, zauna. A babban asibiti akwai likitan kunne, ko sai an je Gwagwalada?"

"Me ya sami kunnen?"

Ya ce, "Ranar nan a otal. Na ji jitar Alhaji. Na ji muryar Hedimasta, ko da yake ban gane ta ba. Amma ban ji kaina ba. Tun daga farko har ƙarshe ina nema, ban ji hannuna ba ko sau ɗaya. Kowa na cewa an yi ƙoƙari. Na ce to, na dama ma ya tafi ke nan." Ya ƙara tura kofin gefe. "Ban so in gaya miki ba."

Shekarun da muka yi tare ban taɓa jin tausayinsa kamar safiyar nan ba, kuma ban taɓa jin sha'awar shaƙe wani kamar yadda na ji ta Alhaji ba.

"Maigida, kunnenka lafiya lau. Ba ka ji kanka ba ne don ba ka ciki."

"Kamar yaya?"

"An cire ka. Na'ura ce ke bugawa. Ni da nake tsince shinkafa ma na gane. Kai kana jan ƙafa, wancan abin kuwa soja ne a fareti."

Ya zuba mini ido. Sai ya ɗaga hannu biyu sama.

"Alhamdu lillahi! Wallahi na ɗauka na kurmance!" Ya fashe da dariya har da hawaye, ya jawo kokon ya shanye, ya cinye ƙosan tas. Yana ajiye kofin dariyar ta ɗauke. "Cire ni aka yi?"

"Tas."

"Ina hulata?"

Na bi shi, saboda yana da hawan jini, kuma saboda ba zan yarda a ba ni labarin wannan ba. Muka sami Alhaji a shago, zaune tsakanin tukwanen banɗaki farare, yana shan shayi. Maigida ko sallamar kirki bai yi ba.

"Alhaji, ina gangunana?"

"Direba, zauna mana. Malama, sannu da zuwa. A kawo lemo."

"Ba lemo na zo sha ba. Yini guda na yi ina bugu har hannuna ya fashe. Ina suke?"

Alhaji ya ce zamani ne ya canja, matasa ba sa son kiɗa mai gargada, shi ma ba da son ransa ba. Da ya ga abin ba ya sauka, sai ya kira surukin nasa a waya ya buɗe murya don kowa ya ji.

"Baba, Allah ya huci zuciyarka," in ji Injiniya. "Ai ba a cire ka duka ba. Kana nan a waƙar ƙarshe, wajen rufewa. Akwai ƙarar farantin ƙarfen gangunan guda, naka ne wannan, ban taɓa shi ba. Ya yi kyau sosai."

Maigida ya juya ya fita. A hanya, da muka wuce kasuwa, ya ce in aro masa na'urar sidi. Na samo a wurin 'yar Binuwai, wadda take ɗora tukunyar furanni a kai. Ya zauna ya saurari waƙar bin dokar hanya tun daga farko, abin da na tabbata ba wani mahaluki da ya taɓa yi da son ransa. Can wajen ƙarshe sai ga wani ƙwal, ƙarami, a karkace.

Ya mayar baya ya sake ji.

"Ka ji kanka?" na ce.

"Na ji. Sandata ce ta suɓuce ta faɗi a kan farantin. Har na ba shi haƙuri a lokacin."

Abin da maigidana ya bar wa duniyar da ke jiransa ke nan.

'Yarmu, da yake ba ta gaji da alheri ba, ta tura wa baturen nan sabon faifan ta waya. Ya amsa da ladabi ƙwarai. Ya ce ya gode, ya ji daɗin sanin suna raye, ko akwai sauran tsofaffin a ajiye? Katan-katan ɗin suka daɗe a bayan shagon Alhaji, ana ba duk wanda ya sayi tayil ɗaya kyauta, wasu na mantawa da shi a kan kanta da gangan. Da Hedimasta ya tashi komawa ƙauyensu ya roƙi katan biyu. Alhaji ya ji daɗi, ya ce ga mai kishin aiki. Daga baya muka ji ya rataye su da zare a gonar dawarsa, ƙyallinsu na korar tsuntsaye, kuma an ce a duk yankin ba wanda ya yi girbi irin nasa.

Ƙungiyar ba ta sake zama ba, ba kuma wanda ya ce an watse. Maigida da Alhaji suna gaisawa a jana'iza, gaisuwa mai tsawo, ta mutanen da ba su da abin ce wa juna. Sarautar ma wani aka ba. Na ɗauka gangunan za su koma wurin masara, sai Tela ya zo wata yamma yana murza hula a hannu, ya ce na cocinsu sun fashe, ko za a ba su aro. Maigida ya ce a ɗauka, ba aro ba, kyauta. Ya taya su lodawa, ya gaya musu wace ƙusa ce ke kwancewa.

Wata nas ce ke buga su yanzu, mace mai ƙarfin hannu, tana aiki a wani asibiti a cikin gari. Cocin yana bakin titi, tagoginsa a buɗe, kuma daidai tsallaken akwai mai faci da benci a ƙarƙashin dalbejiya. Duk ranar Lahadi da hantsi maigida sai ya tuna tayar tsohon kekensa na buƙatar iska. Yana tura shi har can, ya zauna a bencin, ya juya kunnen dama wajen coci, har a tashi. Mai facin ya daina tambayarsa wace tayar.

Matar Tela ta ce mini nas ɗin ta gane shi. Ta taɓa tsallakowa bayan an tashi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Baba, in akwai gyara a faɗa mini. Ya ce babu, 'yata, hannunki na da kyau, Allah ya yi albarka. Ranar ya dawo gida tun daga zaure yana faɗa.

"Gaggawa gare ta. Kullum tana gaban waƙa kamar ana bin ta bashi. Ƙafar dama kuma nauyi, za ta fasa mini fata. Kuma ba ta san inda ake yin shiru ba."

Na ajiye masa abinci. "To ai ta tambaye ka. Me ya hana ka gaya mata?"

Ya dube ni kamar na yi maganar yara.

"In gaya mata ta gyara, ranar Lahadi in je can in yi me?"